Kwanan Wata a Gindin Roba

Zuwa ga tsohon abokina, Sarkin Tire,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Shekara talatin tana hawa bene da kai da tire, yanzu don ta ce ta gaji kake ƙorafi. Na koma ga biro da takarda ne saboda waya da kai ta zama azaba. Ni ina ihu, kai kana "na'am?", maƙwabta su kwashe sirrina kaf, kai ko rabi ba ka ji ba.

Ka tambayi yadda zamana yake a gidan yaron nan, ɗana. Wata bakwai ke nan da rasuwar mai ɗakina, wata shida da ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Ban rasa komai ba. Ɗakina da fanka da taga mai kallon titi, ana wanke mini kaya ana goge su. Matarsa kuma yarinya ce mai ladabi, har ladabin ya yi mini yawa. In na taɓa wuƙa, Baba ka huta. In na ɗaga murfin tukunya, Baba ka huta. Ni da na tsaya a kan kicin ɗin otal shekara talatin da huɗu, na ciyar da mutum ɗari uku a yini ɗaya, kai shaida ne, yau ko albasa ba a bari in yanka. Abincina ma a tire ake kawo mini ɗaki, wai girmamawa, su kuma su zauna a tebur ina jiyo dariyarsu ta bango. Ban san ana iya binne mutum da ransa da ladabi ba sai da na zo gidan nan.

To amma na samo ƙofa, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Wata rana da suka fita aiki na buɗe firij ɗinsu, na ga abin da ya sa na kama ƙugu. Kwalbar tumatir uku, kowace rabi, bakinsu duk ya yi ɓawo. Kwalbar mayonis da cokali a tsaye a ciki. Zuma ta dalalo ta manne kwalba da inda aka ajiye ta. Ga jikata, wadda nake kira Cinnaka saboda ƙanƙanta da kaifin baki, shekararta shida, kullum sai ta yi dambe da kwalbar tumatir. Ta girgiza, ta buga, ya ƙi fitowa, sannan ya fito gaba ɗaya a kan rigar makaranta. Sai na saka takalmina na tafi kasuwa na sayo robobi shida, irin namu na wurin aiki, masu tsinin baki da ake matsawa. Na haɗo da mazurari da siririn buroshi da farin salatif na takarda.

Ka san tsarin, ka sha ganina ina yi. Ɗaya tumatir, ɗaya barkono wanda nake niƙawa da kaina, ɗaya zuma, ɗaya man zaitun, ɗaya ruwan lemon tsami, ɗaya mayonis. Mayonis ɗin ma nawa ne, gwaiduwa biyu da mai da lemo, in kaɗa da hannu har ya tsaya. Wanda suke saye a kanti ni ba na kiransa abinci. Litinin da Alhamis nake juye abin da ya rage, in wanke da ruwan zafi, in kifa su su bushe, sannan in cika zuwa kafaɗa, ba na kaiwa wuya. In yanki salatif in rubuta kwanan wata in manna a gindin roba. Dokar dai ita ce wadda na yi ta dukan tebur a kanta a gaban yaran kicin: ba a zuba sabo a kan tsoho.

Matar gidan ta bar ni, don a ganinta aikin ba wuta ba wuƙa, wasan tsofaffi ne. Ta ga wasa, ni na ga kujera. Da yake ni ne mai robobi, dole a kira ni tebur. Yanzu ina da wurin zama a ƙarshensa, kusa da firij. Baba miƙo zuma, Baba miƙo barkono. Cinnaka ba ta cin soyayyen dankali sai na zana mata fuska da tumatir a gefen faranti, kuma sai ta ce fuskar tawa ce don hancin ya karkace. Kada ka yi dariya, amma ranar da na fara zama a kujerar nan sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke ido.

Shekaranjiya matar gidan ta tsaya a bayana ina kaɗa ƙwai, ta ce in koya mata, har da yadda nake yi da robobin, saboda wata rana. Na juyo na ce mata, "Ke ma ki huta, 'yata." Ta yi dariya, ni ma na yi. Wata shida ina jiran ranar da zan rama wannan kalma.

Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka ce mata ta rage maka gishiri ko kana so ko ba ka so.

Naka har kullum,
Kuku

*

Zuwa ga Sarkin Tire,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya gaba ɗaya. Na ga amsarka, na ga tsokanar da ka yi mini cewa shugaban kicin ya koma mai gadin roba shida. Da a wani lokaci ta zo da na ba ka amsa daidai da kai. Yau ba ni da bakin wasa.

Cinnaka tana asibiti, kwana biyu ke nan ana yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ce ta tsallake, gobe ko jibi za a sallame ta, alhamdu lillahi. Amai da gudawa ne suka kama ta a makaranta har ta kasa tsayuwa. Da aka bi sawu, aka ga abin da ta tafi da shi ranar burodi ne da mayonis, daga robata.

Bari in ba ka yadda aka yi. Zazzaɓi ya kayar da ni ranar Litinin ta makon jiya, daidai ranar wankin robobi. Na lallaɓa na buɗe firij, na ga ba zan iya tsayuwa a gaban famfo ba. Sauran biyar ɗin za su iya jira, mayonis ne ba ya jira. Sai na yi abin da muke yi a wurin aiki: na ja layi biyu a gicciye a kan salatif ɗin gindinta, na tura ta can baya a ƙasan firij. Kowane yaron kicin ya san ma'anar wannan, abin zubarwa ne. Na koma na kwanta, sati guda ban san inda kaina yake ba.

Jiya na matsa sai an kai ni na ga yarinyar. Hannunta ya koma kamar tsinke, ga allura a ciki, ga bakin nan da ba ya shiru ya bushe. Ban iya daɗewa a kanta ba. Muna fitowa baranda, a gaban matarsa da uwar matarsa, yaron nan ya ce mini da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ɗanyen ƙwan nan ne. Don Allah a bar haɗa shi a gida." Uwar matar ta karɓe, ta ce ai tsufa ne, hannu yana mantuwa, Allah dai ya kiyaye gaba. Suka yafe mini, ka ji, tun ban roƙa ba. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa fita daga otal ɗin nan yana riƙe da ciki saboda ni. Yau an ce na fara, kuma da jikata na fara.

Da muka dawo na shiga kwandon shara da hannuna na zaro robar. Cike take har kusan wuya. Ni ba na kaiwa wuya. Na ɗaga ta a hasken taga: ƙasa rawaya, irin nawa, sama fari fat, irin na kanti, ko makaho zai ga inda suka haɗu. A cikin tsinin bakin ma tsohon ne ya daskare. Na juya gindi, ga kwanan wata da rubutuna, kwana goma sha ɗaya kafin ranar da ta ci, ga gicciyena a kai. Wani ne ya ga roba ta yi ƙasa, ya buɗe kwalbar kanti ya ɗura a kai. Manya uku ne a gidan nan. Ɗaya yana kwance da zazzaɓi, ɗaya bai san inda ake ajiye cokali ba.

Na ƙulle ta a leda na sa a ƙarƙashin gado. Na san abin da za ka ce, don na san halinka. Kai mutumin tebur ne, ka saba a zage ka a kan miyar da ba kai ka dafa ba, ka sunkuya ka ce a yi haƙuri. Ni ban saba ba, kuma ba yanzu zan koya ba. Abu ɗaya na shigo da shi gidan nan wanda ba su suka ba ni ba, shi ne sunan hannuna. Raina a ɓace yake, abokina, fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ka sa yarinyar a addu'a. Ka gaida gida.

Naka,
Kuku

*

Zuwa ga abokina, Sarkin Tire,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan jikin da sauƙi. Cinnaka ta warware, ta koma makaranta, na gode da addu'a. Takardarka ta iso, wadda ka ce in jefar da robar in rufe bakina. Ta iso ranar Talata, abin kuwa ya faru tun Asabar. Ko da ta riga zuwa ma, kada in yi maka ƙarya, ba na jin zan bi.

Ranar Asabar ɗin aka zo duba yarinyar. Uwar matar gidan da ƙannenta biyu da wata maƙwabciya, aka yi girki aka jera a tebur. Robobina ba ko ɗaya, an tura su kabad, kwalaben kanti sun dawo da ɓawonsu. Na zauna a kujerata na haɗiye. Har na ɗauki cokali, sai uwar matar ta shafa kan yarinyar ta ce, cikin wasa wai, daga yau kada ta ƙara cin haɗin Kaka. Aka yi dariya. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba.

Na ɗauko ledar na kwance ta a tsakiyar tebur, tsakanin shinkafa da kaza. Ka tuna yadda nake yi da safiyar Litinin in na tarar da ɓarna, in jera yaran kicin in sa abin a gabansu? Haka na yi, ba ragi. Na nuna musu wuya, na ce ni ba na cikawa nan. Na nuna rawaya da fari. Na juya gindi na karanta kwanan wata da ƙarfi, na sa yatsa a kan gicciyen. Sannan na ce, wa ya cika wannan robar? Sau uku na tambaya, kamar yadda na saba. Matar gidan tana tsaye da ludayi a hannu. A na ukun ta ce, "Ni ce, Baba." Muryar ko fita ba ta yi sosai.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Ban tsaya ba. Na karanta mata doka daga farko har ƙarshe, na ce ko yaron da ya yi sati ɗaya a kicin ba zai yi wannan ba. Uwarta ta saki baki tana kallonta. Ina cikin magana sai Cinnaka ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce, "Mama ce ta sa ni ciwo?" Matar ta ajiye ludayi a hankali ta shige ɗaki. Baƙi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, abinci ya huce a inda yake. Na yi nasara, abokina, tebur ya zama nawa ni kaɗai.

Bayan la'asar yaron nan ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado. Na gyara zama ina jiran ban haƙuri. Sai ya ce ai ya sani. Tun ranar farko a asibiti ta faɗa masa, tana kuka: ta makara wurin aiki, ta ga robar ta yi ƙasa, ta ce bari ta taimaki Baba tunda ba shi da lafiya. Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, tana cewa ita ba ta cancanci a kira ta uwa ba. Uwarta kuma shekara da shekaru tana yi mata gorin ta bar 'ya ta kama aikin ofis, wannan kaɗai take jira. Shi ya sa ya ɗora mini laifin. Ya ce, "Na ɗauka kai za ka iya ɗauka, Baba. Kai in ka yi kuskure tsufa za a ce, a manta." Na ce to me ya hana ya zo ya faɗa mini, mu rufa tare? Ya ce ya ji tsoron in yi abin da na yi yau.

Wannan ta ƙona ni, har yanzu tana ƙona ni. Ɗan da na haifa ya san gaskiya, ya tsaya a barandar asibiti ya dubi idona ya ɗora mini kaya kamar jaki, bai ko ce mini ga nauyinsa ba. Da ya roƙe ni, wataƙila da na ɗauka. Na ce wataƙila, don kai ba zan yi wa cika baki ba.

Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya yi mini tambaya ɗaya, ba da faɗa ba. Ya ce, "Baba, a gida wa yake duba gindin roba?" Ya fita ya ja ƙofa.

Ga abin da ban faɗa masa ba, kai kaɗai zan faɗa wa. Satin nan da na yi a kwance, sau biyu a rana yarinyar nan take shigowa da magani da ruwan zafi, da safe kafin ta fita, da yamma in ta dawo. Kalma uku ta isa: zubar da mayonis. Na tuna, ba mantawa na yi ba, har sau biyu maganar ta zo bakina. Na haɗiye ta ne don ba na so ta taɓa robobina. Na ce in ta iya sau ɗaya, ta iya ke nan, ni kuma me ya rage mini? Haka ranar da ta ce in koya mata. Na sa alamar da ni kaɗai na san karatunta, a inda ni kaɗai nake dubawa, sannan na tara mutane na kunyata ta don ba ta karanta ba.

Ba na neman shawara a wannan karon. Na rubuto ne don cikina ya yi mini nauyi. Ka gaida mai ɗakinka.

Naka,
Kuku

*

Zuwa ga Sarkin Tire,

Sallama irin ta masoya, da fatan kana lafiya, kai da duk na tare da kai. Ka yi haƙuri da shirun sati uku, ba ciwo ba ne, rashin abin faɗa ne mai daɗi.

Na bi maganarka ta ƙarshe, na same ta a kicin na ba ta haƙuri, na kuma faɗa mata nawa laifin duka, har maganar da na haɗiye. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ba komai, Baba, ai gaskiya ka faɗa." Ta juya ta ci gaba da wanke-wanke. Tana gaishe ni safe da yamma, ba ta fasa komai ba, amma rabon da in ji dariyarta a inda nake tun kafin ranar nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Lahadin da ta wuce aka kawo mini kyauta. Ƙaramin firij, sabo fil, mutum biyu suka shigo da shi suka ajiye a kusurwar ɗakina. Na buɗe, ga robobina biyar a jere, an wanke su tas, har an sayo ta shida sabuwa. Yaron nan ya ce don in riƙa ajiye kayana yadda nake so, ba mai taɓa mini. Maƙwabciyar ta leƙo ta ce kai, Baba ya yi dacen 'ya'ya. Na ce ƙwarai.

Ba wanda ya ce kada in zo tebur, kada ka ɗora musu wannan. Kujerata tana nan. Na je sau biyu. Ba abin da za a ce in miƙo, ba mai magana, sai ƙarar cokali. A zuwa na biyu na ga abin da ya kore ni. Matar gidan ta miƙa wa Cinnaka kwalbar tumatir, yarinyar ta karɓa, ta juya ta, ta duba gindinta, ta shinshina, sannan ta tambaya wa ya zuba. Uwar ta ce daga kanti take, ba wanda ya zuba. Yarinyar ta ajiye, ta ci dankalinta haka nan. Na ga fuskar uwar. An ce mini kullum haka take yi yanzu, ko ruwa uwarta ta ba ta sai ta leƙa kofin. Yara nawa a kicin na yi shekaru ina fama su koyi wannan suka ƙi, ita a zama ɗaya ta ɗauke. Tun ranar na ce a riƙa kawo mini nawa ɗaki, kuma ba wanda ya ce a'a.

Ina nan ina cika robobi shida don baki ɗaya. Na gwada rage haɗin, hannuna ya ƙi, gwaiduwa biyu ya sani. Litinin da Alhamis in tsaya a gaban famfon banɗaki in juye kusan duk abin da na zuba, in wanke, in kifa, in rubuta kwanan wata. Ba wanda zai kama ni da laifi a kai, komai daidai yake.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun muna samari, kai ma ka sani. Ka zo ranar Alhamis da hantsi, kafin in juye. Kujera ɗaya ce a ɗakin, kai za ka zauna, ni in zauna a bakin gado. Ba sai ka riƙo komai ba, zan sa a sayo burodi. Ka dai zo da yunwa, don ni ban taɓa koyon haɗa na mutum ɗaya ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya bar zumunci.

Abokinka,
Kuku